Kiɗan badujala: gudu ne ke taɓa zuciya, ko ki?

Ɗan_Wunti:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masana kiɗa da kuma tsofaffin sojojin da ke cikinmu. Ranar 15 ga Janairu na raka mahaifina dandalin IBB da ke Bauchi wajen taron tunawa da 'yan mazan jiya. Ya shiga soja a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, yanzu ƙafa ta ƙi, sai da sanda. Da masu badujala suka shigo da kiɗa mai sauri, na ga tsoho yana buga sandarsa a ƙasa daidai da babbar ganga, har kafaɗunsa suka miƙe. Can da aka zo ajiye furanni suka juya kiɗan, ina waigawa sai na ga hawaye na bin gemunsa. Shekarata 41, ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka kai mahaifiyarmu makwancinta. Mutanen nan su ne dai, kayan busar su ne, ko wurin tsayuwa ba su canja ba. Wani abokina mai situdiyo ya ce min ki (key) suka canja, wato matakin sautin da aka ɗora kiɗan a kai, wai akwai ki na murna akwai na baƙin ciki. Ni kuwa a kunnena gudu kawai suka rage. Wanne ne daidai?

Uwar_Biyu:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ni ma tsikar jikina tashi take idan suka rage gudun nan, ko da a talabijin nake kallo.

Tsohon_Samanja:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaishe min da Baba, ka ce masa wani ƙaninsa a aiki yana sara masa. Ni ba mabushi ba ne, amma na daɗe ina horar da kurata a filin fareti, kuma kunnenka bai yaudare ka ba. Maci iri biyu ka gani. Mai saurin, wanda muka gada daga sojan Ingila, taku 116 zuwa 120 ne a minti, kusan taku biyu ke nan a kowace daƙiƙa. Ɗayan, silo maci, wajen taku 65 ne. Kowane taku inci 30, kuma sandar nan mai buɗewa biyu da kake ganin samanja na maƙale da ita a hammata ba ado ba ce, da ita ake auna shi. Bugu mai ƙarfi na babbar ganga a kan ƙafar hagu yake sauka. Abin da aka dasa wa Baba ke nan a Zariya tun yana saurayi, shi ya sa sandarsa ta bi gangar ba tare da ya shawarce ta ba.

Silo maci kuwa ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ka miƙa ƙafa, ka ɗan riƙe ta kamar mai tsoron taka ƙaya, sannan ka zame ta ƙasa, hannuwa a manne da jiki babu lilo. Jiki na son ya yi gaba, kai kana danne shi. Wannan dannewar ce mai kallo ke ji a ƙirjinsa. Ni a wurina gudu ne, ba wata tantama.

Fiyano_Gwallaga:
Ni ne abokin da ake magana. Ranka ya daɗe Samanja, ban musa maganar taku ba, amma ba ita kaɗai ba ce. Ka danna do, mi, so a fiyano, za ka ji sarari kamar an buɗe taga da hantsi. Ka sauke na tsakiyar nan da rabin mataki kawai, sai ka ji hadari ya haɗo. Na farko shi ake ce wa meja, na biyu maina. Da wannan nake cin abinci kullum. Idan darakta ya ce min a fitowar nan jarumar kuka za ta yi, maina nake shiga tun bai rufe baki ba. To me zai hana masu badujala su yi haka?

Ɗan_Kaltungo:
Ɗan'uwa mai fiyano, bari in kawo maka abin da zai ba ka aiki. Tun ina ɗan shekara 12 nake busa a Birged, ƙungiyar samarin cocinmu, kuma da begila na fara kafin a amince a ba ni tirampet. Begila ba ta da madanni ko ɗaya, bututu ne kawai a naɗe, da leɓe ake sarrafa shi. Sauti biyar ake aiki da su a jikinta: do, so, do na sama, mi, so. Ka duba da kyau, wannan ai meja ce tsantsa, ko ka so ka busa maina da ita ba za ta yarda ba. Amma da waɗannan biyar ɗin ake busa Las Fos da ake yi wa mamata, da su kuma ake busa Ribali ta tashin asuba. Ɗaya ta sa ƙato kuka, ɗaya ta fizge shi daga shimfiɗa. Ƙarfe ɗaya, ki ɗaya. Bambancin yana wajen ja. A Las Fos kana kama sauti ka ja shi har sai numfashinka ya kusa ƙarewa, ka sake shi, ka bar shiru ya ɗan zauna kafin na gaba. Ranar da na fara busa ta a bakin kabarin wani tsohon kyaftin ɗin Birged ɗinmu, leɓena rawa yake, sautin ƙarshe ya fashe min. Bayan an watse matarsa ta kira ni ta ce fashewar nan ce ta fi shiga ranta.

Kofa_Wailo:
Maganar begila ta tuna min sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Wailo. Mako uku, kullum tun duhu-duhu ita ke tashinmu, har muka tsani mai busa ta. Amma ƙarfe shida na yamma idan ya busa ta sauke tuta, kowa zai ƙame inda yake, mai ɗauke da bokiti da mai cin abinci a kasuwar Mami, fili ya yi tsit. Wallahi a wannan lokacin nake tuna gida. Mutum ɗaya ne ke busa duka biyun. Ina bayan Ɗan_Kaltungo.

Fiyano_Gwallaga:
Na karɓi ta begila, amma begila ita kaɗai ce. Ɗan_Wunti cikakkiyar badujala yake magana, mai mutum talatin ko arba'in. A nan dole ki ya yi aiki.

Mabushin_Bariki:
Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna min wannan muhawara ta ce lallai sai na sa baki. Shekara 27 na yi ina busa yufoniyam a badujalar soja, wannan mai kama da ƙaramar tuba da ake rungumewa a ƙirji.

Abu biyu kuke cakuɗawa. Ki daban, meja da maina daban. Ki shi ne matakalar da aka ɗora waƙar a kai, wato daga wane sauti do ɗinka ya tashi. Waƙa ɗaya za ka iya ɗaga ta ko ka sauke ta, kamar yadda ladan mai siririyar murya da mai kauri ke kiran salla iri ɗaya. Mu kusan duk macinmu a F, B-filat, E-filat ko A-filat suke (filat shi ne sauke sauti da rabin mataki, shaf kuma ɗaga shi), kuma ba don waɗannan sun fi sauran jarumta ba. Dalilin a jikin kayan yake. Tirampet, konet, turombon, yufoniyam da yawancin kilarinet a B-filat aka ƙera su, saksafon alto a E-filat. Ka busa tirampet ba ka danna komai ba, dangin B-filat ne za su fito, a nan muryarta ta fi buɗewa. Ka ba mu waƙa a ki mai shaf da yawa, irin wanda masu gita ke so, yatsu su sarƙe, sauti ya dushe, ga shi kana tafiya kana karanta 'yar takardar da ke maƙale a jikin abin busarka, kana kuma lura da layi.

Inda ki ke aiki a zuciya shi ne tsakiyar maci. Maci mai sauri kashi-kashi ne: 'yar gabatarwa, baiti na farko, na biyu inda manyan bututu ke ruri, sannan kashin da muke kira tiriyo. A nan ake ƙara filat ɗaya, a tashi daga B-filat a koma E-filat, ko daga E-filat zuwa A-filat. Tirampet su sassauta, a bar mu da 'yan kilarinet mu ɗauki waƙar da laushi. Gudun bai ragu ko da taku ɗaya ba, amma mai sauraro zai ji kamar ya baro rana ya shiga inuwar kuka. Duk shekarun nan wannan wurin nake jira a kowane maci, don a nan ne ake jin muryata. To a nan mai fiyano yana da gaskiya.

Sai dai ƙa'idarsa ta maina kuka, meja dariya, ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Akwai tsohon kiɗan rakiyar gawa na Handel, daga cikin aikinsa mai suna Saul na 1738, wanda sojan Ingila suka daɗe suna raka manyansu kabari da shi. A C meja yake. Sojan Rasha kuwa da yawa daga macinsu masu sauri a maina suke, kuma da su suke fareti ƙirji a buɗe.

Akwai kuma abin da ba wanda ya ambata, ganga. A jana'izar soja ana sassauta tsarkiyar ƙananan ganguna a lulluɓe su da baƙin ƙyalle, ƙarar nan mai kaifi ta tafi, a bar wani dum, dum, mai zurfi. Fayafayan ƙarfe su yi shiru. Ko ba a canja ki ba, an riga an canja fuskar kiɗan.

Ɗan_Bolari:
Baba Mabushi, Allah ya saka da alheri, yau na yi karatu kyauta. Gaisuwa daga Gombe. Ni mai kallon faretin ƙasashe ne a YouTube, kuma na lura ba kowa ke tafiya a 120 ba. Akwai rundunar 'yan bindiga ta Ingila da sojan Gurka masu taku 140, kamar ana korarsu. Rundunar baƙi ta Faransa kuwa 88 take yi, shi ya sa a faretin 14 ga Yuli a Faris su ne ke zuwa a ƙarshen masu tafiya a ƙasa, kada su tare wa na baya hanya. Abin da ya ɗaure min kai, 88 ɗin nan ba baƙin ciki take sa ni ba, tsoro take ba ni, kamar zaki na tahowa bai damu da kowa ba. Ke nan rage gudu ma ba kullum yake nufin makoki ba, ko Samanja?

Tsohon_Samanja:
Haka ne ɗana. Amma su suna lilo da hannu, ƙafa na dukan ƙasa. Tafiya ce ta isa. Silo maci ba ya dukan ƙasa, shafa ta yake.

Malama_Yelwa:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen, don abin ya daɗe yana ci min rai. Ni ce mai kula da 'yan macin makarantarmu. Bara kafin ranar yara ta 27 ga Mayu wata biyu muka yi muna atisaye, yara mata 36, da gangarmu ɗaya, ƙafa ɗaya kamar an ɗaure su da zare. Ranar da muka shiga babban fili aka ce a ajiye gangarmu a bi badujala. Muna can ɗaya ƙarshen filin sai na ga layin ya wargaje, na gaba na hagu, na baya na dama, wata tana tsalle tana neman gyara ƙafa. Sai da suka zo dab da rumfar manyan baƙi suka daidaita, a lokacin alƙalai sun riga sun gani. Yaran nan kuka suka yi ta yi a mota, shugabar tawagar ta ƙi cin abinci har dare. Na ɗauka masu kiɗan ne ke canja gudu. Baba Mabushi, ana yin haka?

Injiniya_Gubi:
Malama, kafin Baba ya amsa, ina jin ba laifin masu kiɗa ba ne, ba kuma na yaranki ba. Sauti tafiya yake, kuma ba shi da saurin haske. A iska yana cin wajen mita 340 a daƙiƙa. Idan ana taku 120 a minti, tsakanin hagu da dama rabin daƙiƙa ne. Ke nan wanda ke nesa da ganga da mita 170 zai ji bugun hagu a daidai lokacin da na kusa ke sauke dama. Tsawon filin ƙwallo wajen mita 105 ne, don haka a can ƙarshen yaranki suna jin bugu a makare da kusan sulusin daƙiƙa, fiye da rabin taku. Ga amsa-kuwwa daga bangon rumfa, ga lasifika idan an sa, bugu ɗaya ya zame musu uku. Wata ta bi wannan, wata ta bi wancan. Da suka matso kusa, tazarar ta rufe, shi ya sa kika ga sun daidaita.

Tsohon_Samanja:
Injiniya ya ba ki da lissafi abin da muke koyarwa da tsawa. Idan kana nesa da badujala, ido ake bi ba kunne ba. Ta gaba a hannun dama ita ce ma'auni, kowa ya kama ƙafarta da lilon hannunta. A kuma samu mai kiran hagu, dama daga cikin layin da murya ƙasa-ƙasa. Kuskure na biyu da malamai ke yi, mai gangar makaranta yakan yi ta ƙara wuta ba ya sani, ya kai yara 130 ko fiye, su saba da haka, ranar fareti su ji badujala kamar tana ja musu riga.

Abu_Huzaifa:
Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, 'yan zaure sun san matsayina, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Shaida kawai zan bayar. Shekara tara ina cikin 'yan agaji, macinmu ba busa ba ganga, usur ne da muryar kwamanda da ƙarar takalma. Amma idan mutum ɗari suka sauke ƙafa lokaci ɗaya, ƙasa na amsawa, kuma na sha ganin dattawa na share ido a bakin hanya. A nan babu ki ko ɗaya, ba meja ba maina. Ina ganin wannan hujja ce ga ɓangaren Samanja.

Jikan_Mai_Kakaki:
Duk na karanta, kuma akwai abin da ya tsaya min. Muna magana kamar kunnen Bature ne a kanmu. Kakana mabushin fada ne, a bayan dokinsa na tashi. Kakaki sauti biyu ne kacal ake juyawa, na ƙasa da na sama, bai ma kai begila ba. Amma ranar hawan Salla idan aka ɗaga su a ƙofar fada aka busa, Bauchin Yakubu gaba ɗaya ta san Sarki ya fito, mata na guɗa, dawakai na zabura. Me ya sa? Domin magana yake yi. Harshenmu yana da hawa da sauka, kakaki da algaita da kalangu suna bin wannan hawa da saukar ne, mai sauraro yana jin kalmomin a cikin kansa: ga shi, ga shi. Kowane basarake da takensa, mahauta da nasu, 'yan dambe da nasu. Ka kaɗa wa ɗan dambe takensa a hankali ko da sauri, tsuma zai yi, don sunansa ya ji.

Badujala ba ta yi mana magana da Hausa. Ga wanda bai yi soja ba, daɗi ne kawai da kwarjini. Amma ga Baban Ɗan_Wunti ina zaton ta zama take. Sojan ƙasar nan ai da Hausawan da Baturen nan Glover ya ɗauka ya fara a Ikko a 1863, kuma an daɗe da Hausa ake magana a bariki. Tun lokacin kakanninmu ke ɗora ma'anarsu a kan busar Bature. Don haka tambayar a wurina ba gudu ko ki ba ce, wa ake kira, kuma wa ya amsa?

Fiyano_Gwallaga:
Jikan Mai Kakaki ka sa na koma na duba aikina. Gaskiya ɗaya ce: waƙoƙin biki da na buga a bana, fiye da rabi a maina suke, irin salon da muka ɗauko daga finafinan Indiya, kuma da su mata ke cashewa a wajen kamu har gari ya waye. Ba wadda ta taɓa cewa na kawo mata makoki. Ke nan na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba shi ne tiriyon da Baba Mabushi ya bayyana. Gudu bai canja ba, ki ya canja, zuciya ta motsa. Wannan ba wanda ya ture shi tukuna.

Nas_Azare:
Wani ya taɓa ce min wai an zaɓi 120 ne don ya yi daidai da bugun zuciya. A bakin aikina dai, zuciyar baligi mai hutawa tsakanin 60 da 100 take bugawa a minti. Sai mutum na aiki ko ya firgita take kai 120. Silo macin ne ma ya faɗo cikin na mai hutawa. Ban ce shi ne dalili ba, gyara kawai na yi kada a ci gaba da yaɗa wancan.

Mabushin_Bariki:
Malama, amsarki: ƙwararriyar badujala ba ta canja gudu a tsakiyar fareti sai da umarni, mai babbar ganga idonsa na kan sandar diram manjo, jagoran badujala. Ki bi shawarar Samanja.

Jikan Mai Kakaki, ka taɓo min wuri. Ko a cikin 120 ɗin ma akwai bambanci. Wani macin awonsa 2/4 ne, a miƙe yake, kaf, kaf. Wani 6/8 ne, kowane taku ya kasu uku, yana rangaji kamar doki na taƙama a gaban fada. Gudu ɗaya, ki ɗaya, amma fuskokin sojoji ma daban za ka gan su.

Kuma tunda Janairu ake magana, ku tausaya wa mabusa. Ƙarfe idan ya yi sanyi muryarsa sauka take. Da safiyar hunturun Bauchi sai ka yi ta hura iska mai ɗumi a ciki kafin a fara, in ba haka ba ka shigo ƙasa da 'yan'uwanka. Leɓe a tsage, ƙura a maƙogwaro. Rana na ɗagawa kuma ƙarfen ya ɗumama, murya ta hau. Ki ɗin da ke rubuce a takarda ɗaya ne, wanda ke fita a fili kuwa da yanayin gari ake yinsa.

Baba_Jahun:
'Ya'yana, ku bar ni in ce wani abu a matsayin wanda ya ga jiya. A da ranar 11 ga Nuwamba ake wannan taron, irin na Ingila. Aka mayar da shi 15 ga Janairu saboda a ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Amma mu mutanen Bauchi wannan rana tana da wani nauyin. A 15 ga Janairun 1966 ne sojoji suka ɗauke Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Ikko, sai gawarsa aka kawo mana. Ina ɗan makarantar firamare a lokacin, na tuna yadda garin nan ya yi shiru, manya na zaune a ƙofar gida kusa da rediyo ba mai ce wa wani komai. Kabarinsa na nan cikin gari, kullum muna wucewa. Ni ban taɓa sa kaki ba, amma duk shekara idan na ji busar nan a wannan rana, can take mayar da ni. A busa min ita a watan Yuni, ban jin za ta yi min haka. Ɗan_Wunti, maimakon ka tambaye mu, ka je ka zauna kusa da mahaifinka bayan la'asar, ka tambaye shi a hankali.

Uwar_Biyu:
Allah ya jiƙan magabata. Baba ya faɗi gaskiya, a tambayi mai hawayen.

Ɗan_Wunti:
Na bi shawarar Baba_Jahun. Jiya bayan la'asar na same shi a zaure na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Ya yi murmushi wajen sandar awo, ya ce a gaya wa Samanja ya amsa sarawar. Da na tambaye shi, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce ba silo macin ba ne, ni ne ban waiga da wuri ba. Ya ce tun daga begila ne. A daji, in ji shi, sun binne mutum huɗu daga sashensu a rami ɗaya da dare, cikin ruwan sama, a gaggauce, ko fitila ba a yarda a kunna ba balle a yi busa. Ɗaya daga ciki tare suka hau jirgin ƙasa daga Bauchi. Ya ce ba wanda ya busa musu komai, don haka duk shekara idan aka busa a dandali, shi a ransa nasu ne ake biya, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya a cikin shirun da ke tsakanin sauti da sauti. Bana ya zo kan na huɗun sunan ya ɓace masa, har aka gama busar bai dawo ba. Shi ne abin da ya sa shi hawaye.

Daga nan ya rera min busar da bakinsa. Na lura ya fi mai begilar ja, nesa ba kusa ba.

Ɗan_Kaltungo:
Allah ya ba Baba haƙuri. Las Fos ba a bin ganga, mabushi ne ke da ikon ja yadda ya ga dama. Daga yau idan zan busa ta zan ƙara tsawon shirun.

Fiyano_Gwallaga:
Ɗan_Wunti, idan Baba ya yarda zan zo da rikoda in ɗauki muryarsa yana rerawa, ku ajiye wa jikoki. Ba kuɗi. Maganar tiriyo kuma tana nan, Baba Mabushi, ina so wata rana ka zauna da ni a kan fiyano ka nuna min yadda ake shiga ta.

Jikan_Mai_Kakaki:
Sunan na huɗun fa, ya dawo masa?

Ɗan_Wunti:
Ya dawo, da asuba. Ya tashe ni ya sa na rubuta duka huɗun a bayan katinsa na fansho.

Malama_Yelwa:
Allah ya jiƙansu da rahama. Yallaɓai Samanja, mun fara atisayen bana, Asabar ƙarfe bakwai na safe. Idan da hali ka leƙo mana, zan turo maka kwatance ta akwatin sirri.

Tsohon_Samanja:
Zan zo in sha Allahu. Ki sa a auna min mita ɗari a filin, a ajiye mai gangar a can ƙarshe, yaran a wannan ƙarshen, su ji makarar da kunnensu tun yanzu. A nemo usur ɗaya da agogo mai hannun daƙiƙa. Ita kuma shugabar tawagar ta bara, in tana nan, ita nake so a gaba a hannun dama.